Barcin da Ya Ƙaurace wa Minshari

Tun yana ƙarami ake ce masa Minshari, kuma bai taɓa jin haushin sunan ba, don ya san ba ƙage aka yi masa ba. Yayarsa ce ta laƙa masa shi. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ta sha wahalar kwana kusa da shi, har takan ce in ƙanen nan nata ya kwanta sai ka rantse injin niƙa aka tayar a tsakar ɗaki. Yaro ne mai barcin tsiya. Ya yi a aji, ya yi a bayan keken mahaifinsu, an ma taɓa samunsa yana yi a tsaye, ya jingina da bangon shagon aski yana jiran layi ya zo kansa.

Da ya girma ya ce tuƙi zai koya, mahaifiyarsu ta dafe ƙirji ta ce, "Wa zai shiga motar mai barci?" Amma sitiyari ya gyara shi. Ya fara da motar kaya, ya koma tasi, daga baya wata makarantar firamare ta ɗauke shi jan bas ɗin yara, a nan kuma ya yi zamansa shekara da shekaru. Sirrinsa ɗaya ne: da ya ci abincin dare ya miƙe ƙafa, shi ke nan an yi sallama da shi sai gari ya waye. Yakan tashi garau, ido tar, ya wanke gilashin bas yana fito.

Bas ɗin tsohuwa ce, ruwan ɗorawa, ƙofarta sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. A ƙofar gidansa take kwana, gindin wata bishiya, don daga nan yake fara ɗiban yara. Ya san wanda ke amai in ya zauna a baya, ya san uwar da kullum sai ta biyo mota da takalmin ɗanta a hannu, ya san 'yan biyun da ba a haɗa su kujera ɗaya in ana son zaman lafiya. Yara suna ce masa Baba Direba. Cikin iyayen da ke miƙo masa 'ya'yansu yanzu, akwai waɗanda shi ya goge musu majina a wannan motar. Bai taɓa ko goga wa wani fenti ba, kuma in ana hira yakan faɗi haka, ba don alfahari ba, sai don shi ne abin da ya mallaka.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗinki a falo yake, kusa da taga. Sun aurar da 'yarsu, babban ɗansu kuma aiki ya kai shi nesa, gida ya rage daga shi sai ita. Ta daɗe da sabawa da minsharinsa har takan ce in ya yi tafiya ba ta iya runtsawa, shiru ya yi mata yawa.

Ya haura hamsin da 'yan kai sa'ad da barci ya fara yi masa rowa. Bai san ranar da abin ya soma ba. Da farko farkawa yake yi tun gari bai yi niyyar wayewa ba, ya kasa komawa. Daga nan sai shigar barcin ma ta zama aiki. Ya kwanta a gajiye liƙis, jiki na roƙo, amma kai ya ƙi. Ba tunanin komai yake yi ba, wannan ne ya fi ci masa rai. Kowa ya ji sai ya tambaye shi, "Me ke damunka?" Shi ma ya zauna ya bincika ransa kamar mai laluben aljihu: ba rigima da kowa, yara lafiya, mata lafiya, aiki lafiya. Babu komai. Barci ne kawai ya tattara ya bar shi.

Yaya, wadda yanzu ta zama tsohuwa mai jikoki, dariya ta fara yi da aka gaya mata. "Kai? Ai bashin barcin da ka hana mu ne ake karɓa." Amma da ta zo gidan ta gan shi, idanu sun faɗa, ƙasansu ya yi baƙi, sai ta daina dariyar. Ta ce a daina ba shi shayi da yamma. Aka daina. Maƙwabci ya ce ya riƙa tafiyar ƙasa har ya gaji. Ya yi, ya dawo da ciwon gwiwa. Matarsa ta ɗinka labule mai kauri, ta fitar da agogon bango daga ɗaki, ta daina taka keke da rana ta faɗi. Wani dare ya sami 'yar awa biyu ko uku, wani daren ko ƙyas.

Da hutun makaranta ya zo, ya shirya ya tafi asibiti shi kaɗai. Likitar da ya gani mace ce mai matsakaicin shekaru, mai magana a hankali. Ta sa aka ɗebi jininsa, aka auna hawan jini da sukari, ta yi masa tambayoyi har ya gaji da amsa "a'a". Sakamako ya fito lafiya ƙalau. Bai taɓa zaton zai ji baƙin cikin a ce masa lafiyarsa ƙalau ba.

"Baba," in ji ta, "maganin da ya fi ɗorewa ba ƙwaya ba ce. Akwai ma'aikaciyarmu da ke zama da mutum mako-mako tana sake koya wa jikinsa barci. Sai dai ita kaɗai ce, masu jira kuma suna da yawa. Zan sa sunanka."

"Likita, ni da aka haifa da barci, yau ni za a koya wa?" Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Kafin layin ya zo kaina fa?"

Ta ce akwai ƙwayoyi iri-iri, amma ba wadda ba ta da nata halin. Ta zaɓar masa wata ƙarama mai saurin aiki, mai saurin fita daga jiki, ta ce tunda direba ne kuma ana hutu, ita ce ta fi dacewa a gwada, na ɗan lokaci kaɗan, don jiki yana iya sabawa da ita. Ta ja masa kunne: in ya ga wani abu da bai gane ba, ya tsaya ya dawo.

Daren farko ya yi barci. Da safe ya zauna bakin gado hawaye na zubo masa, matarsa kuma ta riƙa kiran dangi a waya kamar an yi haihuwa. Kwanaki suka biyo baya haka, har kumatunsa suka fara dawowa.

Ran nan da safe ya fito da bokiti zai wanke mota, sai ya ga gindin bishiya wayam. Ya ɗaga kai, can ƙarshen layi ya hango bas ɗin a gicciye, tayar gaba ɗaya ta hau dakalin wani shago, ƙofa a buɗe. Ya ruga ciki ya ce wa matarsa ɓarayi sun zo. Ita kuwa ba fuskarsa take kallo ba, ƙafarsa take kallo. Tafin ƙafarsa baƙi ƙirin da ƙasar titi. Makullin motar yana cikin aljihun wandon da ya kwana da shi. Mai gadin layin ya ce ai ya gan shi, har ya gaishe shi ya amsa, ya ɗauka wani uzuri ne ya taso.

Minshari bai tuna komai ba. Ko ɗigo. Ya zauna a kan matakalar bas ɗin ya rasa abin da ke masa daɗi. Abin da ya yi ta yawo a ransa shi ne, hannun nan nasa da ya amince wa tsawon rayuwarsa ya tayar da mota ya ja ta, shi ba ya nan.

A wannan karon tare da matarsa suka koma. Likitar ta saurara har ƙarshe, ta ce abu ne da ke faruwa ga wasu, ba da yawa ba, amma wanda ya same shi sau ɗaya ba ya sake shan wannan ƙwayar har abada.

"To a ba ni irin ta da," in ji shi. "Yayata ta ce lokacin da mijinta ya rasu an ba ta wata, rabi kawai take sha ta wuni tana barci."

"Ka faɗa da bakinka, ta wuni. Waccan tana daɗewa a jiki, tana bin mutum har kan titi. Kuma in ta kama mutum, rabuwa da ita sai an sha wuya." Ta juya wajen matar. "Mama, in ya sami barcin, yaya numfashinsa?"

"Wa, wannan? Ai sunansa ma Minshari." Matar ta ɗan yi dariya. "Amma fa wani lokacin yakan yi ta yi, sai ya ɗauke ɗif, kamar an kashe inji. Sai na zungure shi ya ja da ƙarfi. Tun da muka yi aure yake haka, ban ɗauke shi komai ba."

Likitar ta ajiye biro. Ta ce in haka ne, wataƙila hanyar numfashinsa tana toshewa in yana barci, kuma magunguna masu ƙarfi irin wanda yake roƙo suna ƙara kwantar da numfashi. Ba za ta rubuta masa ba. Sai an kwantar da shi an sa masa na'ura ta auna barcinsa, na'urar kuwa ɗaya ce a asibitin, ita ma da layinta.

"Na'urar auna barci," ya ce, "ga wanda ba shi da barcin da za a auna."

Saura biyu, in ji ta. Akwai wani sabon magani da bai cika danne numfashi ba, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Akwai kuma wani tsoho, wanda asalinsa na masu ciwon damuwa ne, in an ba da shi kaɗan yana kawo barci. Yana busar da baki, yana sa jiri in an miƙe da sauri, wasu kuma yana barinsu da nauyin kai da safe.

"Ni ba taɓin hankali gare ni ba, likita."

"Ban ce kana da shi ba, Baba. Barcin da ke cikinsa muke so."

A hanyar gida sun tsaya a kemis uku suna tambayar sabon, kowanne ya girgiza kai, ɗaya ma bai taɓa jin sunansa ba. Suka sayi tsohon.

Ya yi aiki, amma rabi da rabi. Yakan sami barci guntu-guntu, ya farka harshe kamar busasshen soso. Da safe kuwa sai ya ji kamar an naɗe masa kai da bargo jiƙaƙƙe. Likitar ta ce nauyin yakan ragu in jiki ya saba, ta kuma ce kada ya taɓa mota muddin yana jin sa. Ya jira ya ragu. Ya ɗan ragu, bai tafi ba. Hutu kuma ya ƙare.

Daren da za a koma makaranta, matarsa ta same shi zaune da ƙwayar a tafin hannu da kofin ruwa a gefe.

"Baban yara, sha mana."

"In na sha, gobe kaina ba nawa ba ne. In ban sha ba, ba zan runtsa ba, gobe kaina ba nawa ba ne. Ke gaya mini wanne zan ɗauki 'ya'yan mutane da shi."

Ta zauna kusa da shi tana murza bakin zanenta. A ƙarshe ya raba ƙwayar biyu da farce ya haɗiye rabi, abin da ba wanda ya ce ya yi.

Makon farko ya lallaɓa. Yana tafiya a hankali har masu mota na bayansa suna danna masa hon, yana tauna cingam, ya buɗe taga iska na dukan fuskarsa. A mako na biyu, wata safiya, ya tsaya a danja, mota cike da yara. Ya ga ja. Abu na gaba da ya sani shi ne ihun yara, "Baba Direba! Baba Direba!" da ƙarar hon ta ko'ina. Ƙafarsa ta saki birki, bas ta gangara a hankali ta shiga tsakiyar mararraba, wata motar ɗaukar yashi ta ja birki ta tsaya dab da gefen da 'yan biyun nan suke zaune. Direban yashin ya leƙo yana zagi. Yaran kuwa, da abin ya wuce, dariya suka fashe da ita, ɗaya yana cewa Baba ya yi gyangyaɗi.

Ya kai su makaranta. Ya tsaya bakin ƙofa ya sauke su ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, yana riƙe hannun ƙananan. Sannan ya kashe mota, ya nufi ofishin shugabar makarantar, ya ajiye makulli a kan teburinta. Mace ce mai faɗa, wadda malamai ke shakka, amma sun daɗe suna aiki tare da shi. Ya gaya mata komai, har da daren da ya ja bas ɗin cikin barci zuwa ƙarshen layi, bai rage ba.

Ta dubi makullin. "Baba, ka ɗauki hutu ka warke ka dawo. Motar taka ce."

"Ranki ya daɗe, ban san ranar warkewar ba. Likita ma ba ta sani ba."

Ba ta sallame shi ba. Ta ɗauki wani direba, shi kuma ta ce ya riƙa zama a kujerar bakin ƙofa, yana hawar da yara yana sauke su, tunda shi ya san gidan kowa. Ya yi godiya, don ya san alheri aka yi masa. Amma zaman kujerar nan ya fi masa rashin barcin ciwo. Ƙafarsa ta dama takan taka birkin da babu shi. In sabon direban ya shiga kwana da gudu sai ya cije leɓe ya kau da kai. Iyaye suna tambaya, "Baba, lafiya ka bar tuƙi?" ya ce ido ne ya fara rauni. Bas ɗin ma ta daina kwana a ƙofar gidansa, maƙwabci ya fara ajiye tasa motar a gindin bishiyar.

Babban ɗansa, da labari ya kai masa, ya yi faɗa a waya don me aka ɓoye masa, sannan ya shiga nema har ya samo sabon maganin a inda yake, ya aiko. Gidan ya ɗauki rai a kansa. Yaya ta zo takanas ta ga kwalin, ta juya shi gaba da baya ta ce, "Ɗan wannan abin ne ake ta wahala a kai?" Likitar ta tsara masa yadda zai bar tsohon a hankali ya koma sabon.

Sabon ya fi sauƙi a baki da kai, ba ƙarya. Sai dai ya zo masa da mafarkai masu nauyi, irin waɗanda mutum ke farkawa daga cikinsu a gajiye, kuma sau biyu ya farka ya ji idonsa biyu amma ya kasa motsa ko yatsa, har sai da abin ya sake shi don kansa. Barcin ya ƙaru kaɗan. Bai kai ya ce ya warke ba, bai kuma yi ƙarancin da zai ce a jefar da maganin ba. Ga shi kuma kowane kwali sai ɗansa ya bi ta hannun wani da wani kafin ya iso, wani lokacin ya yanke a tsakani, rashin barcin ya dawo masa fiye da na da.

Watanni suka shuɗe. Aka kira shi gwajin na'ura, suka shirya jaka, ana gobe za su tafi aka sake kira aka ce na'urar ta lalace, ana jiran kayan gyara. Ma'aikaciyar koyar da barci kuma ta tafi hutun haihuwa. Ba wanda ya yi masa laifi da zai riƙe, kowa da ya gamu da shi yana ba shi haƙuri da gaske.

Zuwansu na baya-bayan nan, likitar ta buɗe fayil ɗinsa, wanda yanzu ya yi kauri, ta daɗe tana juya shafuka.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba, yau ba ni da sabon abu. Ko mu ci gaba da sabon duk da yankewar da yake yi, ko mu koma tsohon da ake samu a ko'ina mu rage shi, ko mu tsaya da duka mu jira gwajin. Kowanne da abin da zai ci maka."

"Akwai wanda zai mayar da ni kan sitiyari?"

"Ba zan iya yi maka wannan alkawarin ba."

Ya gyaɗa kai. "To ke 'yata, in mahaifinki ne zaune a nan, wanne za ki ce ya sha?"

Ta cire tabarau ta murza ido. Sai a lokacin ya lura ita ma a gajiye take. "Da zan ce ya jira gwajin. Amma ni ba ni ce zan kwana ido biyu ina jira ba. Shi ya sa ba na son in zaɓar maka."

Ta rubuta takarda biyu, ɗaya ta sabon, ɗaya ta tsohon, ta ce ya yi amfani da guda ɗaya kawai, kada ya kuskura ya haɗa, in ya yanke shawara ya sanar da nas.

Suka fito barandar asibitin. Rana ta take, mutane na ta kai da kawo, wani yana tura tsohuwa a keken marasa lafiya, wata na rarrashin jariri. Tagar ba da magani tana can gefe, layinta ya miƙe har bakin matakala. Matarsa ta gyara jakarta a kafaɗa ta dube shi.

"Baban yara, in shiga layin ne, ko mu kira yaron nan ya sake nemowa?"

Ya dubi takardar hannun dama, ya dubi ta hagu. Rubutun likita ne, ba ya iya karanta ko ɗaya. Akwai wani benci a jikin bango, wani mutum ya matsa ya ba su wuri.

"Bari mu ɗan zauna tukuna," ya ce.

Suka zauna. Layin ya ci gaba da tafiya, ba su shiga ba, ba su kuma tashi ba.